Mai mota ya iso gida, mota na kan teku

Duk shekara, idan babban hutun makarantu ya kama a Turai ko Babbar Sallah ta gabato, ƴan Nijar da dama mazauna Beljik, Faransa, Jamus da Amurka kan yi lissafi iri ɗaya. Mutum ya sayi mota ta hannu, ya saka ta jirgin ruwa wata guda kafin ya taso, da nufin idan ya sauka Yamai ya tarar da ita, ya yi gaishe-gaishen dangi da ita daga Doso zuwa Maraɗi har Damagaram, ranar komawa ya bar wa iyali ko ya sayar ya mayar da kuɗin tikiti. A baki lissafin ba shi da aibu. A aikace kuwa, sau da yawa hutun kan ƙare mai mota yana yawo bisa kabu-kabu, waya a kunne, yana tambayar wani taranziter da bai taɓa gani ido da ido ba ko motar ta fito daga por.

Yawancin masu ƙorafi teku suke ɗora wa laifi. Alhali tafiyar ruwan ita ce ɓangaren da ya fi sauƙin ƙiyastawa. Daga Anbers, babbar tashar jiragen ruwan Beljik, zuwa Lome ko Kwatano, jirgi kan ci mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon yawan tasoshin da zai tsaya a hanya. Sauran lokacin a tsaye yake tafiya: mota tana jiran jirgi, tana jiran takarda, tana jiran ayari.

Tushen matsalar shi ne matafiyin ya ɗaure abu biyu da ba sa tafiya da agogo ɗaya. Tikitin jirgin sama yana da rana da awa, hutun da aka ba ma'aikaci yana da ranar ƙarewa. Ranar da kamfanin jirgin ruwa ya rubuta kuwa hasashe ce kawai. Wanda ya juya takardar ɗaukar kaya, wadda ƴan sana'ar ke kira konesma ko BL, ya karanta ƙananan rubutun bayanta, zai tarar galibi kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin isowa a wata rana ba, kuma ba zai biya hasarar da jinkiri ya jawo ba. Kuɗin otel, kuɗin canza tikiti, kwanakin aikin da suka salwanta, duk a wuyan mai mota suke.

Jiran farko: kafin mota ta ga ruwa

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A birnin Burusel akwai unguwa guda, Heyvaert, da ta yi suna da wannan sana'a: gareji bayan gareji, dillalai, da ofisoshin masu tura kaya. Daga nan ake kwasar motoci bisa manyan motoci zuwa Anbers, tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba.

Abin da mai mota ɗaya ya kamata ya sani shi ne, ba da kamfanin jirgin yake hulɗa kai tsaye ba. Da mai tura kaya yake hulɗa, shi kuma mai tura kayan yana da manyan abokan ciniki masu tura mota ashirin ko talatin a kowane jirgi. Idan wuri ya yi ƙaranci, ba sai an faɗa maka wanda za a bari a ƙasa ba. Kowane jirgi yana da ranar rufe karɓar kaya, kwanaki kaɗan kafin tashinsa. Motar da ta makara da yini ɗaya sai ta jira na gaba. Wani lokaci kamfani kan soke zuwan jirgi gaba ɗaya, ko ya tsallake wata tasha don ya cike lokacin da ya rasa.

Hanya biyu ake tura mota. Akwai jirgin da ake kira roro, wanda cikinsa kamar gareji ne mai hawa-hawa: a tuƙa mota a shiga, a tuƙa a fito. Shi ya fi araha, amma makulli na jikin mota tun daga Anbers har inda za ta sauka, kuma hannaye da yawa za su taɓa ta. Akwai kuma kwantena. Wanda ya ɗauki kwantena shi kaɗai ya biya da tsada, ya rufe abinsa. Wanda ya shiga haɗaka da wasu, inda ake cusa mota uku ko huɗu a doguwar kwantena, ya sami sauƙin kuɗi amma ya sayi jira, don ba a rufe ta sai ta cika. A can ƙarshen tafiya ma, idan takardun mutum ɗaya suka sami matsala, kowa ya tsaya tare da shi. Kwantenoni da yawa kuma ba sa zuwa kai tsaye: ana sauke su a Tanje ta Maroko ko Aljeziras ta Sifen su jira wani jirgin da zai gangaro da su.

Sai halinmu na cika mota da tsaraba. Firiji na hannu, talabijin, tayoyi, katifa, akwatuna har rufi. Hukumomin Turai suna bincike don hana fitar da shara da sunan kaya na hannu, kuma tsofaffin kayan lantarki da ba sa aiki na cikin abin da suke nema. Motar da aka ware don bincike ta rasa jirginta. Kamfanonin jiragen su ma sun tsananta ƙa'ida a kan man da ke cikin tanki, da batiri, da motar da ba ta tashi, kuma suna da dalili. A watan Maris na 2019 jirgin Grande America, ɗauke da motoci wajen dubu 2, ya kama wuta ya nutse a tekun yammacin Faransa, kan hanyarsa daga Hamburg zuwa Kazablanka. Ranar 5 ga Yulin 2023 wuta ta tashi a jirgin Grande Costa d'Avorio a tashar Newark ta Amurka, ana cikin loda masa motoci na hannu da za su Afirka ta Yamma, ƴan kwana-kwana biyu suka rasa rayukansu.

Ga ƴan uwanmu na New York da Greensboro akwai ƙarin mataki. Dokar Amurka ta ce sai an gabatar wa duwan takardar mallakar mota ta asali aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita. Wanda ya sayi mota a gwanjon intanet yakan jira makonni kafin takardar ta iso masa, kuma idan akwai sauran bashin banki a kan motar, ba ta fita sai bankin ya amince a rubuce. Ƙaddara ma kan shigo. Ranar 26 ga Maris 2024 wani jirgin kwantena ya daki gadar Francis Scott Key ta Baltimore, tashar da a lokacin ta fi kowace hada-hadar motoci a Amurka, gadar ta rushe ta toshe mashigar, kuma ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai a watan Yuni.

A kan ruwa, abin da ke cin lokaci shi ne tsaye-tsaye: Dakar, Abijan, Tema, Lome, Kwatano, Legas, kowace tasha da layinta. Masu sayo mota daga Dubai kuwa sun ga tafiyarsu ta tsawaita tun ƙarshen 2023, lokacin da hare-haren ƴan Huthi na Yaman suka sa manyan kamfanoni kauce wa Bahar Maliya, abin da ya rikita jadawalin jirage a ko'ina.

Jira na biyu, mai tsada

Jiran Anbers yana cin rai, amma na Lome ko Kwatano aljihu yake ci. Da zarar an sauke mota, ana ba ta ƴan kwanaki na kyauta. Idan suka ƙare, kuɗin ajiya ya fara hawa kullum, kuma yawanci yana ƙaruwa ne mataki-mataki, kwanakin baya sun fi na farko tsada. Idan a kwantena take, kamfanin jirgin shi ma yana da tasa tarar, wadda ake kira surestari, saboda an riƙe masa akwati. Asabar, Lahadi da ranakun hutu suna cikin ƙidaya, ko da ofisoshin da za su sa hannu a rufe suke.

Me ke riƙe mota a nan? Kusan kullum takarda ce. Ba a sakin kaya sai an nuna konesma ta asali, ko kuma ofishin kamfanin da ke ƙasar da aka loda ya aiko da umarnin saki. Mai tura kayan da ba a gama biyansa ba ba zai saki komai ba, kuma akan sami wanda ya karɓi kuɗin mai mota amma shi bai biya kamfanin jirgi ba tukuna. Lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17. Kuskuren guda ɗaya a konesma ya isa a ce motar da ke por daban, wadda ke takarda daban, kuma gyaran sai an koma ofishin da ya rubuta, a biya. Haka suna. Mu da ake rubuta sunan mutum ɗaya Mahamadou a fasfo, Mamadou a takardar saye, Mohamed a konesma, mun fi kowa faɗawa wannan rami.

Kayan da za su Nijar suna buƙatar takardar bin sawun kaya, BSC, wadda ke ƙarƙashin CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta ƙasa. A ƙasar da aka loda ya kamata a yi ta. Wanda ya manta sai mota ta sauka, zai yi ta a makare, da tara. Dole kuma konesma ta nuna cewa motar wucewa za ta yi zuwa Nijar, in ba haka ba duwan ɗin Togo ko Benin su ɗauke ta a matsayin kayan da za su zauna ƙasarsu. Bayan wannan duka akwai kalmar da duk wanda ya taɓa fitar da kaya ya sani: babu rezo. Bayanan duwan ta na'ura suke bi, idan ta tsaya kowa ya tsaya.

A wannan gaɓa ce dangantaka da taranziter ke tsami. Yau ya ce a turo jika ɗari na kaza, jibi ya ce wani kuɗin ya taso. Wasu kuɗaɗen na gaskiya ne, suna da rasit mai hatimi. Wasu ba su da shi. Mai motar da ke zaune Tawa yana ƙidayar kwanakin hutunsa ba shi da ƙarfin ciniki, kuma wanda ke ɗaya gefen wayar ya san haka. A ganina wannan shi ne babban illar haɗa ranar tafiya da ranar mota: gaggawar mutum ta zama abin sayarwa. Wanda kuma ya yi fushi ya ce a bar ta nan, ya sani cewa kayan da aka yi watsi da su, bayan wa'adin da doka ta tsara, duwan na da ikon yin gwanjonsu.

Kafin motar ta bar por akwai abin da ake yawan sakaci da shi. Idan an cire rediyo, madubi, batiri ko tayar safaya, a nan ne za a rubuta shaida, wakilin kamfani ya sa hannu. Bayan an fita ƙofa magana ta ƙare. Ko da an rubuta ma, diyyar da doka ta ɗora wa kamfanin jirgi tana da iyaka. A dokar Amurka ta 1936 kan jigilar kaya a teku, iyakar dalar Amurka 500 ce kan kowane ƙunshi, wajen jika 300 na sefa, sai in mai kaya ya bayyana darajar kayansa tun farko ya biya ƙari. Inshorar teku daban ake sayenta, kuma kuɗin jigila bai ƙunshe ta ba.

Hanyar da ta canza

Dattawan Agadas da Arlit suna tuna lokacin da motoci ke zuwa da ƙafarsu. A shekarun 1970 da 1980 Turawa matasa kan sayi tsohuwar Peugeot 504, su ƙetara da ita zuwa Aljeriya, su bi Tamanrasset, In Guezzam da Assamaka, su sayar a Nijar su koma gida a jirgin sama. Rikicin Aljeriya da tawayen arewa a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan hanya, kasuwar ta koma teku, Kwatano ta zama ƙofarmu.

Dalilin a fili yake. Daga Kwatano zuwa Malanbil kilomita 700 ne da ɗoriya, a ƙetare gadar kogin Isa a shiga Gaya, a hau Doso. Motar da za ta Maraɗi, Tawa ko Damagaram daga Doso take karkata gabas, ba ruwanta da Yamai sai don takardu. Direban da takardunsa suka cika kan gama tafiyar cikin kwana biyu ko uku.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, hukumomin Nijar suka ci gaba da rufe nasu bisa dalilan tsaro. Kwale-kwale na ƙetarar da fasinja da buhuna tsakanin Malanbil da Gaya, amma kayan da ke tafiya da takardun duwan suka koma Lome. Daga Lome a haura Togo gaba ɗayanta zuwa Sinkase, a shiga Burkina Faso. Tsohuwar hanyar Fada N'Gourma da Kantchari zuwa Torodi ta yi hatsari, don haka ayarin kan bi Kaya, Dori, ya shigo ta Tera, da rakiyar sojoji.

Ayari ba shi da jadawalin da ake liƙawa a bango, kuma da dalili, tunda sanar da ranar tashi sanar da ƴan bindiga ne. Motoci ɗaruruwa kan taru su jira, wani lokaci makonni, ko an tuƙo motar ne ko an ɗoro ta bisa babbar mota. Direban da ke jira yana ci yana sha, kuma daga aljihun mai mota. Idan an iso Yamai, ɗan Maraɗi yana da sauran kilomita wajen 660 a gabansa, ɗan Damagaram wajen 900. Wanda ke lissafi da kwanakin zamanin Gaya, lissafinsa ya tsufa.

Isowa ba fita ba ce

Motar da ta shigo ƙasa ba ta zama ta hawa ba sai an biya duwan. Nan ma akwai abin da kan ba mutane mamaki: ba dole ne duwan su yi aiki da farashin da ke kan takardar saye ba. Suna da nasu ma'aunin darajar mota bisa iri, shekara da ƙarfin inji, kuma a kan wannan darajar, haɗe da kuɗin jigila, ake lissafa haraji da TVA ta kashi 19 cikin 100. Wanda ya yi sa'ar samun mota da araha a Jamus zai iya tarar da kuɗin duwan da bai yi tanadinsa ba. Bayan nan sai gishen motoci don rajista, kart giriz, lamba, inshora da binyet. Kowanne da layinsa.

Wanda ya zo da mota da niyyar komawa da ita, hukuncinsa daban ne. Shi izinin shiga na wucin gadi yake nema, ko dai takardar da duwan ke bayarwa a iyaka, ko kuma littafin wucewa da ake kira karne, wanda ƙungiyoyin masu motoci na ƙasarsa ke bayarwa bayan ya ajiye jingina mai nauyi. Littafin shekara ɗaya yake aiki, kuma kowace shiga sai an sami hatimin fitarta, in ba haka ba jinginar ta tafi. Da irin wannan takarda Turawa masu zagaya duniya da motocinsu ke yawo, kuma su ma ba su tsira daga jira ba. Tsakanin Panama da Kolombiya, alal misali, babbar hanyar nahiyar Amurka ta yanke a dajin Darien na tsawon kilomita wajen 100, dole matafiyi ya saka motarsa jirgi daga Colón zuwa Cartagena, shi ya bi ta sama ya zauna otel yana jira. Ruwan da za a ƙetare kaɗan ne, amma hidimar takardu a ɓangarorin biyu kan ci kwanaki. Ɗan Nijar da ya zaɓi wannan tsari ya tuna cewa jiran sau biyu zai yi shi, zuwa da komawa, kuma hutun wata ɗaya ba ya ɗaukar wannan.

Idan aka tara jiran jirgi, tafiyar ruwa, fitar por, jiran ayari da hidimar duwan, wata uku ba abin mamaki ba ne ko da babu wanda ya yi kuskure. Shi ya sa nake ganin wanda ke son hawa motarsa a watan Yuli ya kamata ta bar Anbers tun cikin Maris, ya kuma ware kuɗi a gefe, bayan na jigila da na duwan, don kwanakin da ba a shirya musu ba. Ya ɗauki hoton motar ciki da waje ranar miƙa ta, ya nemi a aiko masa daftarin konesma ya duba lambar shasi harafi-harafi kafin a buga ta ƙarshe, ya kuma yi yarjejeniya da taranziter a rubuce, kuɗin kowane mataki daban, tun motar ba ta hau ruwa ba.

Sai batun sunan wanda zai karɓa. Idan sunan matafiyin ne kaɗai a konesma, kuma ya koma bakin aikinsa motar ba ta fito ba, duk wani sa hannu sai an bi shi Turai. Ko dai tun farko a rubuta sunan ɗan uwa amintacce da ke zaune a ƙasa, ko kuma mai motar, kafin ya hau jirgin komawa, ya bar takardar wakilci da aka buga wa hatimi a meri ko komisariya, haɗe da kwafin fasfonsa. Wanda ya riga ya koma bai yi ba, sai ya nemi ofishin jakadancin Nijar da ke ƙasar da yake zaune, a yi masa ita a can, ya aiko da ta asali.